Ƙahon da ba shi da rami

Maigidana wanzami ne tun a gida, amma a nan ƙasar waje tasi ya tuƙa har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Asibiti suka yi nasu suka sallame mu. Shi kuwa ya kafe cewa mataccen jini ne ya kwanta masa a kafaɗa, in aka kafa ƙaho aka tsotse, hannun zai tashi. 'Yarmu ta sayo kofunan roba da ake yi da su yanzu, ya ce wasan yara ne.

Sai wani maƙwabcinmu a unguwar Stapleton, mutumin zangon Kumasi, ya tsinto ƙaho a daji. Tsoho ne, ya yi kore, ɓeraye sun gaigaye masa baki.

"Baba wanzam, ga na barewa."

"Na barewa ai rami ne. Da shi na koyi aiki." Ya dube ni. "Uwargida, ɗora ruwa."

Na dafa a tukunyar tuwona. A gida in ka dafa ƙaho, abin cikin ne yake saki ka zare shi. Wannan har wari ya cika bene bai saki komai ba. Maigidana ya ce dauɗa ce ta liƙe shi, a wanke tukuna.

'Yarmu ta duba a waya. Ta ce masu yin kayan ado da shi ba sa sa bilic, cinye shi yake yi; a ruwan wanke ciwon nan mai kumfa ake jiƙawa. Muka jiƙa a babbar robar wanki. Kullum da hantsi sai ya matse shi tsakanin gwiwoyi, yana gogawa da burushin haƙori da hannun hagu. Lokacin nan yana cin abinci, har tsiya yake mini.

"Da za ki shiga robar nan, da na yi sabuwar amarya."

"Ka fara ɗaga hannun tukuna."

Ƙaho ya yi fari tas. Maƙwabcin ya zo da zarto ya yanke tsinin, ƙauri kamar gashi ya ƙone. Ba rami. Ya ƙara yankewa daga gindi. Ƙashi ne har ciki, tsakiyarsa kamar busasshen burodi.

Maigidana ya kai baki ya tsotsa, ya sake tsotsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ina jin iska ba ta wucewa.

"Wa ya ce dabbar nan barewa ce?"

"Mu muka ce, Malam. Dabbar ƙasar nan ce, ba mu da wani sunan."

Ya ajiye. Na ce a aika gida a kawo ƙahon saniya, ya ce in bari. Daga makon nan ya daina zuwa gashin ƙashi, motar asibiti ta yi ta zuwa har ta gaji.

Guntayen, 'yarmu ta huda ta yi maratayan makulli. Ɗaya na jikin makullin ɗakinmu. In na dawo daga kanti na buɗe ƙofa, yana nan kan kujera, hannun a kan cinya inda na ajiye masa da safe.