Ranar da Na Janye Akushina

Edita, yau ni tsoho ne, amma a shekarun da ake gab da samun mulkin kai matashin magidanci ne ni a wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaƙi, manomin gyaɗa mai zafin kai da gudun abin faɗa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Boma da ɗingishi. Salla ba ta wuce shi. Sai dai kullum bayan asuba yakan zauna a gindin tsamiya, ya rufe ido, ya yi shiru har rana ta fito.

Da na matsa masa da tambaya, ya ce wani tsoho mai bin addinin Buddha ne ya yi jinyarsa a can sa'ad da harsashi ya same shi, shi ya koya masa. Wai mutum ya fara nufin kansa da alheri, sai masoyansa ɗaya bayan ɗaya, sai waɗanda bai sani ba, daga ƙarshe maƙiyansa, har ƙullin zuciya ya kwance. Ya ce da haka ya daina ganin gawarwaki in ya rufe ido.

Gari ya ɗauka wai tsafi ya kwaso. Limaminmu ya ce shi bai ga laifin mai salla da ke yi wa bayin Allah fatan alheri ba, amma ina, kunnena ya riga ya cika. Mukan yi ciyayya a ƙofar gida, kowane magidanci ya fito da tuwonsa a haɗu a ci. Ran nan yayana ya miƙo hannu, na janye akushina a gaban kowa. Ya mayar da hannunsa, ya tashi. Da kaka ta wuce ya kwashe iyalinsa ya tafi haƙar kuza can wajen Doguwa. Shekara huɗu ban taka ba, ban aika ba, sai saƙon rasuwarsa.

Na je gaisuwa. Wallahi ko ɗigon hawaye ban yi ba, jikina kamar ba nawa ba. Matarsa ta ce bai taɓa barin zaman nan na bayan asuba ba, kuma da ciwo ya yi tsanani a fili yake jero sunayen waɗanda yake nufi da alheri. Na tambaye ta ko a cikin maƙiya yake sa ni. Ta dube ni ta ce, "Daga Inna sai kai, bai taɓa sauya maka wuri ba."

Na dawo na ci gaba da nomana. Tun daga ranar tuwo dai ina haɗiya ne kawai. Na gane ba addini na kare ba, bakin mutane na ji tsoro, kuma waɗanda suka zuga ni ko gaisuwa ba su raka ni ba. Ku masu 'yan'uwa a raye, kada surutun gari ya sa ku wulaƙanta naku, don ba kullum ake samun ranar neman gafara ba. Akushin yana nan a ɗakina, ban ƙara ci a cikinsa ba.