Ƙafar Mai Keke

A layinsu kowa Mai Keke yake ce mata, don tun tana budurwa ba a raba ta da keken ɗinki. Irin tsohon nan ne na ƙafa, baƙi, mai ƙarar tsiya. Da ta yi aure shi aka fara shigarwa ɗaki kafin gado. Da ciki ya zo ma ba ta huta ba, a kan ɗinki naƙuda ta same ta, sai da ta ƙarasa hannun rigar da ke gabanta sannan ta yarda aka tafi asibiti.

To, yaron da ta haifa tun yana ciki ya saba da ƙarar nan. Ranar farko da ya ƙi barci, ta shimfiɗe shi kusa da keke, ta ce bari ta rage aiki tunda dai ba hutun za ta samu ba. Tana fara takawa ya yi tsit, ya ɓingire. Murna ta yi ta yi, har tana ba maƙwabta labari wai Allah ya ba ta ɗa mai son sana'arta. Da ta san abin da ta jawo wa kanta, da ta kama bakinta.

Daga nan yaro ya kafe, shi ba ya barci sai keke na tafiya. Goyo bai yi masa ba, jijjiga ba ta yi ba. In ta ɗauke ƙafa, kafin ta kai bakin gado ya callara ƙara. Ubansa, direban bas mai sammako, ya laƙaba masa suna Manaja, ya ce bai taɓa ganin mai sa ma'aikaci aiki ba dare ba rana irinsa ba. Sai ta cire zare ta yi ta taka keken a banza, ido a rufe, kai na rangaji. Ƙafarta ta dama ta kumbura, idanunta suka faɗa. Ita da ake yabon hannunta, sai ga ta tana haɗa wa mutane hannun riga a baibai.

Wata safiya a wurin wanka gyangyaɗi ya fizge ta, saura ƙiris yaron ya suɓuce mata cikin baho. Da rana kuma allura ta shige farcenta. Ta zauna riƙe da yatsa, tsoro ya cika ta, don ta san in ba ta samu barci ba wata rana abin ba zai tsaya a yatsa ba.

"Ki bar shi ya yi kukan mana," in ji mijin. "In ya gaji zai yi shiru."

Ta gwada. Ta tsaya a bayan ƙofa, kukanta ya fi na yaron, ta koma da gudu ta sungume shi.

"Wallahi ba zan iya ba, Baban Manaja. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Yayarta ce ta zo dubiya, ta kalli yatsan da aka naɗe, ta kalli ƙafar, ta yi tsaki.

"Ke kika ɗinka abin nan, ke za ki farke shi. Amma zare-zare, kada ki fizga. Ki fara da barcin rana. Ki taka masa, amma kullum ki rage gudu. Hannunki ɗaya a ƙirjinsa, bakinki na yi masa ƙarar keken. In ya yi ƙorafi ki shafa shi, kada ki ƙara gudu."

"Yaya, da baki kuma? Sai ka ce mahaukaciya?"

"Mai ɗinka iska ce za ta ji kunyar wannan?"

Haka ta yi. Abin bai zo da sauƙi ba. Manaja yakan buɗe ido ɗaya ya harare ta, alamar ya gane ana rage masa haƙƙi. An fara ganin haske sai haƙori ya taso masa, komai ya koma farko, ranar har zagin keken ta yi. Ta sake farawa. A hankali takun ya yi ta raguwa, shimfiɗar na matsawa nesa da keke, har ya zama sai hannu da ɗan gunguni.

Wata rana bayan azahar ta kwantar da shi, ta ɗora hannu. Ya dube ta, ya yi hamma, ya tafi. Keken na can a kusurwa lulluɓe da zane. Ta haye gado a gajiye liƙis, ta rufe ido.

Barcin ya ƙi zuwa. Ƙafarta ta dama sai motsi take, tana taka abin da babu. Ta danne ta da ɗayar, ta ƙi tsayawa. Takaici ya sa hawaye suka gangaro mata har cikin kunne.

A haka mijin ya dawo ya same ta. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙarshen gadon, ya ɗora tafinsa a kan kumburarriyar ƙafar, yana yi mata ƙarar keke ƙasa-ƙasa da bakinsa, yadda ya ji tana yi wa yaron.

"Yi barci," ya ce. "Manaja ya sallame ki."