Tabar da Kafinta Ya Ajiye a Kwalba

A layinsu ba wanda bai san kafintan nan da lofe a baki ba, ko akwai wuta a ciki ko babu. Shi ya sa ake ce masa Mai Lofe. Aikinsa ba shi da makusa. In ya haɗa maka kujera, har jikanka sai ya zauna a kai. Sai dai in ka kuskura ka taɓo masa zancen taba, to nemi wurin zama.

"Sabuwar taba ba ta da ladabi, cizon harshe take yi," haka yake cewa yana goge katako. "Amma ka rufe ta a kwalba, ba rana ba iska. In ta daɗe sai ta yi duhu, ta yi laushi, ƙamshinta ya kwanta."

Yana da irin wannan kwalbar guda ɗaya, mai murfin roba, a bayan gwangwanayen fenti. Wani direban babbar mota ne ya kawo masa tabar tsaraba tun 'yarsa ta fari tana firamare. Ya ɗanɗana sau ɗaya, ya ce ba ta nuna ba, ya rufe. 'Yar ta gama makaranta, ta kama aiki, taba dai ba ta nuna ba.

"Maigida," in ji matarsa, "ni da ka ajiye shekara da shekaru, ban taɓa jin ka ce na ƙara ƙamshi ba."

"Ke ai da naki kika zo," ya ce, ya yi maza ya fice.

Wata damina rufin shagon ya fara yoyo. Hankalinsa ya tashi, don danshi in ya yi yawa taba funfuna take yi. Ya rungumo kwalbar ya kai gida, ya cusa ta a durowar matarsa, ƙarƙashin zannuwan gado, inda take jera sabulai da ƙwayoyin kafur. Bai lura robar murfin ta tsage ba. Nan kwalbar ta yi zamanta har wasu shekarun.

Ranar da ya miƙa wa ƙaninsa shago ya ajiye aiki, ya ce lokaci ya yi. Ya kira amininsa mai aski, suka zauna a baranda da la'asar. Da ya buɗe, tabar ta yi duhu kam, amma ta bushe ƙayau, tana marmashewa a yatsa. Cikin ladabi ya cika lofe biyu, ya kunna.

Mai aski ya zuƙa, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya ka ji, mutumina?"

"Gaskiya tana da tsafta," mai aski ya ce a hankali. "Ji nake kamar na haɗiyi ruwan wanki."

Mai Lofe ya zuƙi nasa. Maƙoshinsa ya gaya masa gaskiya, amma ya dake. "Haka tsohuwar taba take, sai wanda ya sani."

Ya daure ya sha rabin lofe yana gumi, sai ga matarsa ta leƙo tana shinshina iska.

"Wai wa ke ƙona mini sabulu?"

Mai aski ya fashe da dariya har ya sulalo daga kujera. Mai Lofe ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, tari ya hana shi, ƙarshe shi ma ya bi sahu yana dariya yana share hawaye. Abin ya yi masa ciwo, ba shakka. Ya shanya tabar a inuwa, ya sa mata ɓawon lemo ko za ta dawo hayyacinta, amma kafur ya riga ya shige ta.

Zubarwa ta gagare shi. Matar ce ta karɓa, ta barbaɗa a gindin tumatirinta na bayan gida, inda ƙwari suka addabe ta. Kafin sati, ƙwarin sun kama gabansu.

Tun daga nan duk baƙon da ya zo, sai Mai Lofe ya ja shi bayan gida ya nuna masa tumatirin, yana buga ƙirji. Matar takan bar shi ya gama, sannan ta miƙa masa bokiti ya yi ban ruwa.