Katunan Kawu Labbo

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Tambuwal ya san Juma'arsa. Ana sakkowa daga masallaci zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya buɗe gwangwaninsa, ya jera katunan nan su sha iska, kowanne da tsakuwa a kai. Kaza ta gitta, sanda. Akuya ta leƙo, sanda. Mutum kuwa sai ya nuna hannunsa, a ga ko da maiƙo.

Yaran yanzu ba ku san su ba. Tsofaffin katunan tallar gahawa ne na zamanin kantunan Turawa, kowanne da zanen ban dariya. Tun yana mai shayi a tasha ya fara tara su, direbobi na kawo mishi. Shi ɗin fa bai taɓa kurɓar gahawa ba! "Ɗaci, Kulu, kamar maɗaci," haka yake ce min. "Ni hoton nika so."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. Fargabarsa ɗaya a duniya, ranar da ya rufe ido a ƙunsa ƙosai da katunansa. Ya faɗa mana har mun gaji da ji.

Abin da ya sa unguwa ta addabu, kowane zane sai ya raɗa mishi sunan wani. Akwai ƙaton Bature mai tumbi, kyanwa na shanye mishi kofi yana barci. Kawu ya ce Mamman Mahauci ne. Magana ta kai rumfar nama, sai ga Mamman ya taho yana huci, ko wuƙa bai aje ba.

"Labbo, ni kaka yi wa tsiya cikin gari?"

"Zamna ka gani da idonka."

Mamman ya duƙa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Gashin bakin ga ba nawa ba ne."

"Tumbin fa?"

"Tumbin kam nawa ne." Ran nan da tsire ya aiko.

Wata damina aka ba shi labarin wata tsohuwa a Kebbe ta liƙa irin katin a murfin akwatinta na aure. Na ce, "Kawu, hanya ta ɓaci, kai ko tsoho, ka haƙura!" Ina! Ya hau babur ɗin kabu-kabu. Da la'asar sai ga shi, taɓo har wuya, takalmi ƙafa ɗaya, kai ba hula, sanƙo na walƙiya. Hannu ɗaya a sama, riƙe da kati cikin leda.

"Kawu, ina hularka ta Sallah?"

"Tsohuwar ta ce jikanta na so."

"Ka ba da hula kan takarda?"

"Ke Kulu, kasuwar Dogon Daji cike take da huluna. Je ki samo min Bature bisa jaki a can in gani!"

Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ranar da na fara haɗa baƙi, na tafi da ɗokina in karanta mishi rubutun ƙasan katunan. Ya kife su da sauri.

"Kul! Shekara da shekaru nika ba da labarin mutanen ga. In kin karanta, Bature ya ƙaryata ni, wa za ya biya ni?"

Na yi fushi na tafi. Washegari ya aiko min da fensir, dozin guda.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ido ya yi rauni, sai ya ce in ɗauko gwangwani. Na ɗauka wasiyyar ƙosai za a sake. Ashe ya gama shawara. Ina faɗa mishi abin da ke jikin kati, yana faɗin mai shi, ya ce in kai wa kowa nasa. "Ba mai ƙunsa ƙosai da fuskarsa," in ji shi. Mamman ya riga shi rasuwa, sai ɗansa na ba katin. Ɗan ya kalli tumbin nan ya yi dariya, sai kuma hawaye.

Da gwangwani ya ƙare, Kawu ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wani da ban taɓa gani ba. Wata mata ce ta ɗaga buta, ta biyo mijinta a guje, baki buɗe.

"Wagga ke ce," ya ce. "Tun kina amarya nika ɓoyon ta."

"Don mi, Kawu?"

"Tsoron bakinki."

Na riƙe hannunsa kawai.

Kun san ni, ba na roƙon kowa, amma yau na roƙe ku. Duk wanda na kai wa nasa, ya adana, ya kuma sa Kawu cikin addu'a. Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe mishi tsokanar da ya yi mana, mu mun yafe tuntuni. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Amin.