Fila da Sunan 'Yar Fari

Sunanta Pilar, amma bakina bai taɓa iya shi ba, Fila nake ce mata, ita kuma ta amsa. Mutuniyar Sifen ce, ta haura hamsin, tana koyar da yarensu a wata makaranta a Kuala Lumpur. Ba miji, ba ɗa, sai tukwanen furanni a baranda da take yi wa magana kamar mutane.

Wankan jego ne ya taso ni daga Gwale, shekara uku bayan rasuwar maigidana Malam. 'Yata ta fari ce ke da tsohon ciki, mijinta Muhyiddeen yana karatu a can. Ina sama cikin jirgi aka gano ya cuɗanya da mai korona, aka ce shi da matarsa su kulle kansu a ɗaki. Sai Fila, maƙwabciyarsu ta ƙasan bene a unguwar Taman Melati, ta ce a bar mata ni. Ban jima da sauka ba aka kulle ƙasar gaba ɗaya.

A filin jirgi ta taho da gudu ta buɗe hannu za ta rungume ni, sai ta tuna da ciwon, ta tsaya tana sumbatar iska dama da hagu. Na ce a raina, kowace musiba da alherinta.

Ranar farko ta ajiye min miyar tumatir ɗanya, mai sanyin ƙanƙara. Na zaci mantawa ta yi, na tausaya mata, da ta juya na ɗora a wuta har ta tafasa. Ta dawo ta dafe kai tana kiran sunayen da ban sani ba. Amma ta nuna min tukunya sabuwa da cokula sababbi da ta saya domina, ta yi gurnanin alade ta girgiza kai, wato bai taɓa su ba. Turancina na firamare ne, nata kuma gudu yake, don haka da hannu muka fi hira.

Salla kuwa, gabas na duba kamar yadda na saba tun ina ƙarama. Kwanaki ina yi, tana leƙena tana cizon leɓe. Ranar nan ta kama hannuna ta nuna min wata kibiya da mai gidan ya manna a rufin ɗaki. Ashe a ƙasar nan alƙibla wajen faɗuwar rana take. Ni Hajiya, da na taɓa Ka'aba da hannuna, na bai wa Makka baya har sai da Kirista ta juyo ni. Na yi istigfari, na rama abin da na iya.

Fila tana da uwa tsohuwa a can ƙasarsu, a gidan kula da tsofaffi. Kullum sai ta kira ta, ta yi ihu, ta yi dariya, ta sumbaci waya har gilashin ya yi danshi. Ni kuwa idan yarinyar ta kira daga saman bene, sai in kawar da kai in ce, "Ya jikin? To, Allah Ya raba lafiya," in miƙa wayar. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. A hannun kakarta ta tashi, Gwaggo ma take ce min.

Fila ta ɗauka gaba muke yi. Ta kira Muhyiddeen ya yi mana tafinta, shi da ko ido ba ma haɗawa.

"Gwaggo, wai... cewa ta yi, me matata ta yi miki?"

"Ka ce mata kunya ce."

Ya faɗa. Fila ta ɗaga hannu sama ta zubo magana.

"Me ta ce?"

"Gwaggo, a yafe min wannan."

Bayan nan tsohuwar Fila ta rasu. Ba jirgi, ba jana'iza da ita. Na zauna kusa da ita da carbina, na dama mata kunu da garin da na taho da shi, ta sha tana kuka.

Ba a daɗe ba gwaji ya nuna yarinyar ta kamu, ga naƙuda ta matso. Aka tafi da ita asibiti ita kaɗai, ko mijinta ba a bari ya bi ba. Washegari da hantsi ta kira, fuskarta ta kumbura, numfashi sama sama. Amma bakina da ya saba ya ce, "To, Allah Ya raba lafiya." Na miƙa wayar.

Fila ta ƙi karɓa. Ta mayar min da ita tafin hannu, ta damƙe. Ta nuna hoton uwarta a bango, ta nuna yarinyar a wayar, ta ce, "Hansatu. Hansatu!" kamar malamar da ke koya wa daƙiƙi baƙi.

Na duba hoton tsohuwar. Na duba yarinyar, ido cikin ido, abin da ban tuna yaushe na yi ba.

"Hansatu," na ce. "Ina nan ƙasa da ɗakinki. Ba inda za ni sai na wanke ki."

Sai ta zaro ido.

"Innalillahi! Gwaggo, me likita ya gaya muku? Mutuwa zan yi?"

"Ke tafi can! Mutuwar lafiya? Baturiyar nan ce ta matsa min."

Ta fashe da dariya tana tari, hawaye na zuba, har wata nas ta leƙo. Yarinyar ta ce, "Ƙara faɗa, Gwaggo." Na ƙara, da ƙyar, kamar mai haɗiye sabara. Fila ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta rungume ni ta baya, korona ko ba korona, ta danna min sumbar nan biyu da na tsere wa a filin jirgi.

Mace aka haifa, Kausar, uwa da 'ya suka fito lafiya. A banɗaki na yi wankan jegon, da ruwan tukunyar Fila da ganyen darbejiya da ita ta nemo wajen Indiyawan unguwar Sentul. Sunan kuwa ban sake faɗa ba. Idan Fila tana kusa dai nakan motsa leɓe, ta gyaɗa kai ta ƙyale ni.