Shekarar da Yayana Ya Toshe Hanyar Dorina

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, a kan hanyar Guri, inda kogi yake rabuwa ya bazu cikin fadama. Kafin in faɗi abin da ya faru, sai na fara bayyana yadda wurin yake a zamanin Turawa, domin wanda ya san shi yau kaɗai ba zai gane ba.

A lokacin kowace dabba da mazauninta. A tudu, cikin gawo da goruba, akwai barewa da gada da dila, kura kuma tana da ramuka a bayan gari. A cikin burgu, ciyawar nan da take tsirowa a ruwa, akwai tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Idan sanyi ya shigo sai wasu agwagin ruwa baƙi su sauka, su tashi kafin bazara, ba mu san inda suke zuwa ba. Kada yana gurbi mai zurfi. Dorina ce kaɗai mai wuri biyu: ta wuni a ruwa, ta kwana tana kiwo a tudu. Kuma hanya ɗaya take bi. Akwai inda gaɓar kogi ta yi kwari saboda yawan hawa da saukarta, daga nan hanyar ta ratsa gonakin shinkafa ta miƙe har ciyawar tudu. Ƙa'idar garinmu ita ce ba a noma wannan hanya. Wanda gonarsa ta yi iyaka da ita ya san zai rasa abin da ke bakin hanyar, kuma ba a kai ƙara a kan wannan.

Gonar gidanmu ce hanyar ta raba biyu. Tun kakanmu haka take.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare, yayana ya dawo daga ƙasar Bama, can gaba da Indiya, inda ya yi soja. Ni a lokacin na gama elementare, ina noma tare da mahaifinmu, wanda gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala. Bayan la'asar mutane sukan taru a gindin tsamiya su ji labarin ƙasashen da yayana ya gani. Ya ce a can ana sa giwa aiki kamar jaki, tana jan gungumen katako mutum yana zaune a wuyanta. Ya ce damisarsu zane-zane gare ta, ba ɗigo ba, kuma tana zaune a kurmin da rana ba ta kaiwa ƙasa. Ya ce a Indiya birai suna yawo a kasuwa ba mai korarsu. Wasu sun yarda, wasu sun ce zazzaɓi ne ya nuna masa. Abin da ya fi maimaitawa shi ne manoman can ba sa bar wa dabba ko taku ɗaya na gona. Sukan haƙa rami su kafa itatuwa masu tsini, ko aladen daji ba ya shiga.

Da rani mahaifinmu ya danƙa masa gonar. Yayana ya zagaya ta, ya tsaya a kan hanyar dorina, ya ga ƙasa baƙa wuluk da taki, ba a taɓa sa mata fartanya ba. Ya ce bana za a noma ta. Mahaifinmu ba ya kiran sunansa, tunda shi ne ɗan fari, kuma ba ya son ja-in-ja da shi a gaban mutane. Ni ya kira ya ce in gaya wa wannan yaron cewa dorina ba ta fasa cin abinci don an rufe mata ƙofa. Na isar da saƙon. Yayana ya ce in ɗauko gatari.

Aikin ya tafi bisa tsari, don shi mutum ne mai tsari. Da farko muka sari rassan kanya muka fiƙe su. Sa'an nan muka haƙa rami a bakin kwarin da dorina take hawa. Bayan ramin muka kafa itatuwan, muka cusa ƙaya a tsakaninsu. Da ruwan sama ya sauka muka shuka gonar duka, har da hanyar. Ambaliya ta zo a kan lokacinta, shinkafa ta bi ruwa tana tashi. Muddin ruwa ya cika fadama dorina ba ta damu da kowa ba, burgu ya ishe ta. Mutane suka fara cewa soja ya yi dabara. Ni ma na ce haka.

Matsalar ta fito ne da ruwa ya fara ja, shinkafa ta yi ciki, ba ta kai girbi ba.

Ƙasa da mu kaɗan akwai gonar gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu. Mijinta ya rasu, ɗanta ma ya rasu, ya bar mata jikoki uku ƙanana. Wannan gona ita ce abincinsu na shekara, ba su da wata a tudu. Gaɓarta ba ta da tsayi sosai. Wata safiya bayan an idar da salla gwaggo ta shigo gidanmu, zanenta jiƙe har gwiwa, da damin shinkafar da aka tattake a hannunta. Ta ajiye shi a gaban yayana yana shan koko.

"Soja, ga ganimar yaƙinka na kawo maka," in ji ta. "Ka kori abokan gaba, sun sauka a gidana. Ko su ma zan dafa musu tuwo ne?"

Yayana ya ce, "Gwaggo, ai ni gonarmu na kare."

"Ka kare mana. Ni wa zai kare? Ko waɗancan 'yan ukun zan jera a bakin ruwa da tsinke a hannu?"

Muka je muka duba. Dorina uwa ce da ɗanta, sawun ya nuna. Sun hau ta gonar gwaggo, kuma da yake babu hanya a wurin, ba su wuce kai tsaye ba. Sun yi ta zagaye suna ci suna kwanciya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Washegari aka sake samun sabuwar ɓarna.

Yayana ya ce za a yi wa gonar gwaggo irin shingen da aka yi wa tamu. Mai gonar da ke ƙasa da ita ya ji, ya zo ya tambaya ko shi ne na gaba. Daga nan magana ta je gaban Bulama, mai garinmu. Yayana ya kawo shawara ta biyu, cewa a ba shi bindiga, harsashi ɗaya ya ishe shi. Bulama ya ce dokar Turawa ta hana kashe dorina sai da izini daga Haɗeja, kuma kafin izini ya iso, an gama girbi ko an gama ɓarna. Ya ƙara da cewa ko da an kashe wannan, gurbin ba ya zama babu dorina, wata za ta zo. Sa'an nan ya faɗi hukuncin da kowa ya riga ya sani: wanda ya toshe hanya shi ke buɗe ta, kuma abin da aka ci a dalilinsa yana wuyansa.

Mun koma gida yayana ya zauna a zaure bai ci abincin rana ba. Na san abin da ke ransa. Shinkafar da ke kan hanyar ita ce mafi kyau a fadamar duka, ta kai masa ƙirji, kuma saura kaɗan ta nuna. Idan ya jinkirta har ta nuna zai girbe ta, amma gonar gwaggo ba za ta kai lokacin ba. Mahaifinmu ya wuce ta zauren zuwa masallaci, bai dube shi ba.

Da azahar yayana ya tashi ya ce in ɗauko lauje. Muka tumɓuke itatuwan, muka janye ƙayar, muka cike ramin da laka. Bayan haka muka shiga gonar muka yanke shinkafar da ke kan hanyar tana ɗanya, daga bakin kogi har tudu, domin dorina ta ga sarari ta wuce, kada ta tsaya ci. Ɗanyar shinkafar muka kai wa Fulanin da ke mashekari kusa da mu, shanu suka cinye.

Dorina ba ta dawo nan take ba. Ta ƙara hawa ta gonar gwaggo, sai da muka tara ƙayar da muka cire a gaɓarta, sa'an nan sawu ya bayyana a tsohuwar hanya. Abin da ya rage wa gwaggo bai kai rabi ba.

Da aka yi girbi, aka sussuka, yayana ya sa aka kai hatsinmu ƙofar gidan gwaggo kafin a kai namu rumbun. Ya ce ta ɗiba har sai nata ya kai yadda yake kaiwa kowace shekara. Ta auna da ƙwaryarta a gaban Bulama, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta gama ta tura masa sauran da ƙafa, ta ce ya kwashe kafin ta sake tunani.

Jikokinta sun ci tuwo har sabuwar shinkafa ta fito. Mu namu rumbun ya ƙare tun bazara, muka koma tonon bado a tafki muna haɗawa da kifi, har aka yanke gero.