Dutsen Bajamushe a Banɗakin Inna

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zai kwashe ranar da tsohon maƙwabcinmu Bajamushe ya zo cin tuwon salla ba.

A garin Springfield na Amurka muke lokacin, ina aikin rediyo. Dattijon masanin duwatsu ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙasar Sakkwato yana tono halittun da suka daskare cikin dutse. Can ya koyi Hausa, ita ce ta haɗa mu. Da zai koma gidan kula da tsofaffi, ya ba ni amanar wani farin dutse cike da ƙananan katantanwa. Ya ce da shi ya fara gane cewa teku ya taɓa kwanciya a ƙasarmu, duk sunan da ya yi daga nan ya faro. Na ɗora shi a kan kanta a falo.

Sai mahaifiyata ta zo daga gida. Inna kuwa ba ta iya ganin abu yana zaman banza. Da safiyar salla na tsinci dutsen a banɗaki, gefe guda ya siɗe sumul. Ashe tun zuwanta da shi take goge kaushi. Ta ce irin na garinmu ne, kuma duk Amurka ba ta ga abin kirki kamarsa ba. Ni kuwa na san ran tsohon nan yana jikin dutsen.

Na mayar da shi falo, na kifa gefen da ya siɗe. Da tsohon ya iso cin tuwo, sai ya nufi dutsen. Idonsa ya yi rauni, amma yana ɗauka yatsansa ya gaya masa. Sai ya tambaya wa ya taɓa.

"Ni ce, Bature," in ji Inna. "Ƙafata na goge."

Ya yi ta dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma dariyar ta tafi, hawayen suka tsaya.

"Hajiya, a hannun wata tsohuwa na same shi, bakin rijiya, tana goge ƙafarta. Ni na raba shi da aikinsa."

Ya damƙa mata shi da hannu biyu. Suka zauna suna lissafa ƙauyuka, ni ɗan rediyo na zama ɗan kallo.

Yau duk su biyun sun rasu, ina kewarsu ƙwarai. Daga wurinsu na koyi cewa abin da ake so ba a killace yake daɗewa ba, a hannun mutane yake rayuwa. Dutsen yana banɗakina har gobe.